Takalman Baƙo

Rana ta riga ta faɗa bayan gidaje, hasken da ya rage a tsakar gidan bai wuce na gane fuskar mutum ba. Marubuciya tana ɗakin girki tana yanka albasa, ta bar ƙofa a buɗe don ta riƙa jin muryar 'yarta. Haka suke yi duk sa'ad da ta gama sabon labari: ta buga shi a takarda, ta miƙa wa yarinyar ta karanta da ƙarfi, inda harshenta ya sarƙe nan za a gyara. Aku suke kiran yarinyar, domin tun tana rarrafe ba ta jin magana sau ɗaya ta bar ta a inda ta ji ta.

Sana'ar uwar ke nan, rubuta wa yara labaran ban tsoro da bincike, irin waɗanda 'yan makaranta ke bin sawun wani abin al'ajabi har su gano ashe ba komai ba ne. Tana da ɗabi'ar ɓoye wa iyaye ɗan abin murmushi a ciki, wata magana daga tsofaffin wasannin kwaikwayon da suka karanta a aji, yaro ya wuce ta bai sani ba, uba ya gane ya yi dariya. A wannan karon sai ta miƙa hannu ta ɗauko daga wasan da bai kamata ta taɓa ba.

Wasan Baƙo kowa ke ce masa. Wani maigida ne ya ga mutum tsaye a ƙofarsa da magariba, ya ji tausayinsa, ya ba shi kujera. Ashe ba mutum ba ne. Ya zauna ya ƙi tashi, gida ya yi ta lalacewa a kansa, har sai da maigidan ya gano yadda ake sallamar irinsa. Mahaifin Marubuciya shi ya yi shekaru yana fitowa a matsayin maigidan nan, har mutane suka manta sunansa, a titi ma Maigida suke kiransa. Yanzu ya tsufa, gwiwoyinsa sun ƙi lanƙwasuwa, yana zaune a ɗakin da ke kusa da ƙofar gidan 'yarsa, yana cin abincinta yana shan maganin da take saya, gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

A labarinta kuwa, yaran sun yi ta jin motsi a kan wata tsohuwar kujera, suka yi ta bincike, ranar da suka yaye bargon da ke kanta sai ga kyanwa da 'ya'yanta.

Da Tsoho, mahaifin nata, ya ji yadda labarin ya ƙare, kwana biyu kafin wannan yammacin, sai da ya ajiye kofin shayinsa.

"Kyanwa," ya ce. "Duk shekarun da na yi ina durƙusa wa kujerar nan, ashe kyanwa nake durƙusa wa."

"Labarin yara ne, Baba."

"Na sani. Wadda ta rubuta shi ma ai yarinya ce."

A ranta ta san da gangan ta yi, kuma ta ji daɗin da ya ji zafi. Tana budurwa mahaifiyarta ta rasu a asibiti, da yamma irin wannan, shi kuwa yana kan dandamali. Ta aika a kira shi. Bai iso ba sai da aka riga aka ja mayafi aka rufe fuskar matar. Har yau tana jin ƙarar jajayen takalman wasan nan a barandar asibitin, ƙiiƙ, ƙiiƙ, ga fenti a fuskarsa gumi ya ɓata. Tun ranar ta yanke hukunci: ya tsaya ya gama wasansa, an tafa masa, sannan ya tuna yana da mata. Ba ta taɓa tambayarsa ba. Me za a tambaya a abin da ido ya gani?

Ita kuwa Aku ba ta iya karatu a zaune ba, jinin kakanta ne a jikinta, abin da ke ƙona wa uwar rai ke nan. Da ta zo wurin maganar da aka aro, sai ta jawo kujerar katako zuwa tsakiyar tsakar gida, ta je ta zare sakatar ƙofar waje, ta buɗe ta wangame. Ta riƙe takardar da hannu ɗaya, ta miƙa ɗayan ga titin da babu kowa, ta kumbura murya.

"Kai da ke tsaye a bakin ƙofa, ka gaji da tsayuwa. Shigo, ga kujera."

Tsoho ya ɗago kai daga bencinsa da sauri. "Rufe ƙofar nan, Aku. Ba a faɗin wannan a bakin ƙofa."

"Ƙyale ta ta yi karatunta," in ji uwar daga ɗakin girki, ba ta ko waiwayo ba.

Sai unguwar ta yi tsit. Karnukan da ke haushi a layin baya suka yi shiru lokaci guda, rediyon maƙwabta ya ɗauke. Marubuciya ta tsaya da wuƙa a hannu tana sauraron shirun, har ta ji shi yana danne mata kunne. Daga nan kujerar da babu kowa a kanta ta yi ƙara a hankali, irin ƙarar da katako ke yi idan mai nauyi ya zauna.

Dutse na farko ya faɗo a kan rufin kwano kafin a kira salla.

Tun daga wannan yammacin gidan bai ƙara ganin magariba lafiya ba. Da rana komai lumui, da zarar inuwar katanga ta taɓa bakin rijiyar famfo sai jifa ya fara. Duwatsu ne ƙanana, masu santsi, suna gangarowa daga rufi su faɗo tsakar gida, in ka ɗauka ka ji su da ɗumi kamar yanzu suka fito daga tafin hannun wani. Marubuciya ta hau tsani ta leƙa, ta zagaya bayan gida da sanda, ta zagi yaran unguwa da iyayensu, ba ta ga ko inuwar mai jifa ba. Ta mai da kujerar ɗaki, ta kulle. Da yamma ta tarar da ita a tsakiyar tsakar gida, tana fuskantar ƙofa.

Sannan takalma. Duk takalmin da aka cire a bakin ɗaki, ko yaya aka ajiye shi, za a zo a same shi an juya bakinsa yana kallon ciki. Nata, na yarinyar, har silifas ɗin banɗaki. Abu ne ƙarami, amma shi ya fi jifan tsinka mata zuciya.

Maƙwabciyarta, wadda dama ba sa ga maciji tun rigimar magudanar ruwa, ta tsaya ta bayan katanga tana magana da iska. "Mutum ya zauna yana rubuce-rubucen aljanu yana tsorata 'ya'yan mutane, yau ga shi sun biyo shi har gida. Allah ya ƙara. Amma wallahi dutse ɗaya ya fasa mini taga, hukuma ce za ta raba mu."

Duk wannan da sauƙi. Ranar da Aku ta dawo daga makaranta ta cire takalmanta ta wurgar, ta je ta hau kujerar nan ta zauna, ranar uwar ta san mene ne tsoro. Zaman ba na yarinya ba ne. Ta buɗe gwiwoyi, ta ɗora tafukan hannu a kansu, ta miƙe wuya, idanunta a kan ƙofa ba ƙiftawa. Aka kira ta, ba ta amsa ba. Uwar ta kama hannunta za ta ɗaga ta, ta ji kamar tana jan turmin da aka binne. Yarinyar da ake lallashi kafin ta gama rabin faranti, ta cinye abincin gidan kaf ta miƙo kwano.

"Maigida," ta ce da wata murya mai kauri, a hankali, "baƙonka bai ƙoshi ba."

Marubuciya ta san wannan maganar. Tana cikin littafin wasan, fitowa ta biyu.

Da gari ya waye yarinyar ta sauko da kanta, jiki a mace, ba ta tuna komai ba. Aka kai ta asibiti, likita ya auna, ya ɗebi jini, ya ce ba ya ganin komai sai gajiya. Da yamma ta koma kujera. Kowace rana tana ƙara daɗewa a kai, tana ƙara ramewa duk da cin da take yi, wuyanta ya zama siriri, ƙafafunta suka kumbura saboda zama. Uwar ta fara lura cewa lokacin da yarinyar ke dawowa hayyacinta yana ƙanƙancewa, kuma ta gane, ba tare da kowa ya faɗa mata ba, cewa akwai ranar da ba za ta sauko ba.

Ta tono tsohon littafin wasan na makaranta daga ƙasan akwati, ta buɗe shafin ƙarshe. Ga maganar sallamar nan, gajeriya, a ƙarƙashinta an rubuta cewa Baƙo ya fita. Ta ɗauko takalman makarantar Aku ta ajiye a gaban kujera, ta karanta.

"Baƙo, ka ci, ka sha, ka huta. Ga takalmanka."

Idanun nan suka sauko kanta sannu a hankali. Bakin yarinyar ya buɗe, dariyar da ta fito ta tsoho ce, mai kama da tari.

"Ke wace ce a wasan nan?"

Tsoho yana tsaye a ƙofar ɗakinsa, ya dafa sanda. "Ba haka ake yi ba," ya ce. "Saurara in gaya miki, littafin bai..."

Ta juyo kansa kamar za ta cinye shi. Duk abin da ta haɗiye shekara da shekaru ya taso mata.

"Kada ka ƙara kawo mini maganar wasan nan a gidan nan! Wa ya cika wa yarinya kai da shi in ba kai ba? In na fita kana zaunar da ita kana koya mata, ka ɗauka ban sani ba? Wasan nan ya ci uwata, yanzu kuma 'yata yake so. Kada ka kusance ta. Kada ka yi mata magana. In Allah ya ba ta lafiya, motar da za ta kai ka wurin ƙaninka ni zan biya."

Tsoho ya dube ta. "Ni ban buɗe ƙofa ba," ya ce. Ya koma ɗaki ya ja labulensa.

Washegari ta je ta nemo Malam. Wata abokiyar aikinta ce ta yi mata kwatance: mutum ne da ya yi karatu mai zurfi, ba ya karɓar kaza ba ya ba da laya, Alƙur'ani kaɗai yake aiki da shi. Ta yi zaton ganin dattijo mai ban tsoro, sai ta ga wani siririn mutum mai farin gilashi da muryar da ba ta tashi sama. Ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ba, sannan ya ce zai zo kafin rana ta faɗi.

Ya zo a kan lokaci. Ya cire takalmansa a bakin tabarma, kafin ya gama zama sun juya da kansu sun fuskanci cikin gida. Ya dube su. Ya sa aka kawo ruwa a kofi, ya ce uwar ta zauna a bayan yarinyar ta riƙe kafaɗunta, ya fara karatu.

Da farko babu abin da ya faru sai jifa, wanda ya ƙaru har rufin ya zama kamar ana ruwan ƙanƙara. Malam bai ɗaga murya ba, bai kuma rage ba. Duhu ya fara taruwa a kusurwoyin tsakar gida. Marubuciya ta ji kafaɗun 'yarta suna zafi a ƙarƙashin hannunta, suna karkarwa, yatsun ƙafar yarinyar suka lanƙwashe. Can sai jifan ya tsaya cak, Aku ta saki wata ƙara da ta sa maƙwabciya rufe tagarta da ƙarfi.

"Ya isa! Kana ƙona ni, ɗan Adam. Ya isa."

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Baƙo ne."

"Baƙo ba ya shiga jikin 'yar mutane. Wannan zalunci ne, kuma ka san Wanda zai tambaye ka. Me ta yi maka?"

"Ita ta ce in shigo. Ta buɗe ƙofa da hannunta, ta ba ni kujera. Ban haura katanga ba." Muryar ta yi ƙasa, ta koma gunaguni. "Ina zaune a saman gidan wasan nan tun kafin a haifi uwarta. A kan katakon da ke riƙe labule nake kwana. Na san kowace kalma. Idan mai fitowa a matsayin Baƙo ya zauna, ina zama tare da shi, in ya tashi in tashi, ban taɓa cutar da kowa ba. Sai aka rushe wurin aka yi shaguna. Na yi ta yawo a bakin ƙofofi, babu mai cewa shigo. Rannan na ji maganata, na shigo, na tarar an rubuta cewa ni kyanwa ce." Kan yarinyar ya juyo baya fiye da yadda wuya ke juyawa, idanun suka sami uwar. "Kyanwa da 'ya'yanta."

"Zan ƙona shi," in ji Marubuciya, hawaye na zuba. "Wallahi yanzu zan ƙona labarin, in goge shi daga na'ura. Ka sake mini 'yata."

"Ki ƙona, ki bari, ina ruwana da takarda? Yarinyar nake so. Tana da murya, tana da riƙe magana. Ni da ita za mu yi wasa har abada."

"Ba za ka samu ba," in ji Malam, ya ci gaba da karatu daga inda ya tsaya. Ya tofa a ruwan ya yayyafa mata. Jikin yarinyar ya banƙare, kujerar ta yi ta dukan siminti da ƙafafunta, har uwar ta ji kamar ƙasusuwan da take riƙe da su za su karye.

"Tsaya! Tsaya, mu yi magana. A yanka mini..."

"Ko ƙuda ba za a yanka maka ba."

"To a bar mini kujerar da magariba, in zo in tafi."

"Babu rabonka a gidan nan, ko na taki ɗaya. Za ka fita ka yi alkawari da sunan Allah ba za ka dawo ba, ko in ci gaba har ka ƙone."

Numfashin yarinyar yana fita da ƙyar. Da muryar ta dawo, babu izza a cikinta, sai wata irin gajiya da ƙiyayya.

"In ka kore ni da wuta zan fita, amma ta inda na ga dama zan fita, kuma ba na lamunin abin da zan fasa a hanya. In kana so in fita ta ƙofa kamar yadda na shigo, a sallame ni. Akwai wanda nake bi bashin sallama ɗaya. Ga shi can a bayan labule yana saurare. Maigida! Fito. Kai ne ka gudu ka bar ni a kujera."

Labulen ɗakin ya motsa. Tsoho ya fito yana dogara sanda, fuskarsa ba ta nuna komai.

"Yana tsakiyar fitowa ta ƙarshe," muryar ta ci gaba, "saura magana ɗaya tak. Wani ya leƙo ta gefen dandamali ya yi masa raɗa. Ko waiwayo na bai yi ba. Ya diro daga dandamali ya ratsa ta cikin 'yan kallo da gudu, suna ihu suna jifansa da abin da ke hannunsu. Ba a sauke labule ba ranar. Ba a ƙara yin wasan a wurin ba, babu wanda ya ƙara ɗaukarsa aiki. Ni kuwa ina zaune. Har yau ina zaune."

"Irinsu suna ƙarya," in ji Malam ga Marubuciya, a hankali. "Kada ki gina komai a kan maganarsa." Ya juya ga Tsoho. "Baba, mece ce wannan sallamar? In akwai shirka a ciki, ba za a yi ba."

"Babu," in ji Tsoho. Bai dubi 'yarsa ba, Malam yake wa bayani. "Baƙon ba shi da takalmi, haka yake shigowa, ƙafa a ƙasa. Shi ya sa ba ya iya tafiya, shi ya sa duk korar da ake masa ba ta ci. A ƙarshe maigida ya gane. Sai ya cire nasa na ƙafarsa, ya juya bakinsu waje, ya ce ga takalmanka. Ana sauke labule maigida yana tsaye ba takalmi. Ba a rubuta wannan a littafi ba, a dandamali muke yinsa. Wanda ya kalla har ƙarshe ya sani."

Marubuciya ba ta taɓa kallo har ƙarshe ba. Tana ƙarama barci ke ɗauke ta a cinyar uwarta tun a fitowa ta biyu, da ta girma kuma ta ƙi. Ba ta bukatar ta yarda da aljani, tana da kunnenta. Ƙiiƙ, ƙiiƙ, a barandar asibiti. Jajayen takalman da ta tsana duk rayuwarta, waɗanda ta riƙe a matsayin shaida a kansa. Da ya tsaya ya gama wasan, da ba takalmi zai zo.

Malam ya yi ɗan tunani. "Ba hadaya ba ce, ba kuma roƙo ba ne," ya ce da yarinyar da abin da ke cikinta. "Hanya za a nuna maka. Ka yi alkawari tukuna."

Muryar ta yi alkawarin, kalma bayan kalma, kamar ana zare mata haƙori.

"Suna ƙarƙashin gado," in ji Tsoho, ga iska. "Cikin jakar leda."

Malam ya karɓi riƙon yarinyar, Marubuciya ta tashi ta shiga ɗakin da rabonta da shiga tun ranar da aka kawo kayansa. Ta durƙusa ta laluba ta jawo jakar. Fatar ta bushe ta tsattsage, jan ya koma ruwan ƙasa, amma an goge su, kuma ba da daɗewa ba. Ta fito da su ta ajiye a gabansa. Ya zura ƙafa ɗaya, ya zura ɗaya, ya miƙa mata sandar ba tare da ya dube ta ba.

Ya taka zuwa gaban kujerar. Takalman suka yi ƙararsu, ba ta canza ba. Sai ga bayan nan da ya ranƙwafa ya miƙe, ga ƙirji ya buɗe, muryar da ta fito ta cika tsakar gidan har ta haura katanga, muryar da 'yarsa ta manta yana da ita.

"Baƙo, ka ci, ka sha, ka huta."

Ya sunkuya zai cire takalman, gwiwoyin suka ƙi. Ya sake gwadawa, ya yi tangaɗi, hannunsa bai ko kai ƙwauri ba. Kumburarrun ƙafafun sun cika takalman tam. Daga kan kujera aka fara wani gurnani mai tashi, dutse ɗaya ya faɗo a rufi, sannan wani.

Marubuciya ta yar da sandar. Ta zube a gaban mahaifinta, gwiwa biyu a kan siminti, ta ɗora hannunsa a kanta don ya dafa. Ta kama diddigen dama ta ja a hankali har ya fita, ta kama na hagu. Ƙafafun sun yi sanyi, duk jijiyoyi, ta daɗe ba ta ga tsufansu kusa haka ba. Ta juya bakin takalman suka fuskanci ƙofar waje, ta tura su gaban kujera.

"Ga takalmanka," in ji Tsoho.

Aku ta miƙe tsaye. Ta zura ƙananan ƙafafunta cikin manyan takalman, ta ja su zuwa ƙofa, taki ɗaya bayan ɗaya, Malam na biye da ita yana karatu. Sakata ta zare da kanta, ba wanda ya taɓa ta. A daidai dokin ƙofa yarinyar ta tsaya, ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, sannan ta sulale, Malam ya tare ta kafin ta kai ƙasa. Ƙafafunta babu komai. A cikin duhun layin suka ji ƙarar tana nisa, ƙiiƙ, ƙiiƙ, har ta ɓace, karnukan layin baya suka dawo da haushinsu.

"Umma," in ji Aku da muryarta ta kullum, "ƙafata ciwo. Kuma yunwa nake ji."

Uwar ta rungume ta tana kuka tana dariya, ta shafa fuskarta, ta shafa wuyanta, ta kasa sakinta. Malam ya ba yarinyar ruwan ta sha, ya faɗi abin da za a riƙa karantawa safe da yamma, ya ce kada a ƙara barin ƙofa a buɗe da magariba ana kiran wanda ba a gani. Takalmansa suna inda ya cire su, bakinsu na kallon waje. Ya saka ya tafi.

Da ta kwantar da yarinyar ta fito, Tsoho yana nan tsaye inda ta bar shi, a gaban kujerar da babu kowa, ƙafa a kan siminti mai sanyi. Bayansa ya koma ya ranƙwafa. Ta ɗauko sandar ta miƙa masa, ta tsaya tana murza bakin mayafinta kamar yarinyar da aka kira ofishin shugaban makaranta.

"Baba, duk shekarun nan. Me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?"

Sai yanzu ya dube ta, ido cikin ido, kuma babu sassauci a kallon.

"Kin tambaya?"

Ta cire silifas ɗinta ta ajiye a gabansa, ta juya bakinsu suka fuskanci cikin gida. Ya daɗe yana kallonsu. Sun yi masa kaɗan, diddigensa a waje, amma ya saka, ya ja ƙafa zuwa ɗakinsa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Ba a barin dandamali haka," ya ce. "Ɗauke kujerar nan, ki zo ki sauke mini labule."